Bin Na Gaba Bin Allah Ne? Tambayoyi da Amsoshi a Kan Biyayya da Shugabannin Ƙarya a Littafi Mai Tsarki

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, a taron matasa da na zumuntar mata. Wasu kuma ba a yin su a fili, sai an tashi daga sujada mutum ya ja ka gefe ya yi maka su da ƙaramar murya. Na amsa su daga Nassi iyakar fahimtata, na kuma sa surori da ayoyi a cikin magana domin kowa ya buɗe ya duba da kansa.

Tun muna yara ake ce mana bin na gaba bin Allah ne. Haka Littafi Mai Tsarki ya koyar?

Akwai gaskiya mai yawa a cikin maganar. Romawa 13 ta umarce mu mu yi biyayya ga mahukunta, Afisawa 6 ta ce 'ya'ya su bi iyayensu, Ibraniyawa 13:17 kuma ta ce mu bi shugabannin ikkilisiya domin suna tsaron rayukanmu. Mai taurin kai da ba ya jin maganar kowa ba zai sami mafaka a cikin Littafin nan ba.

Sai dai a lura da yadda ayar Ibraniyawa ta ƙarasa. Ta ce shugabannin nan za su ba da lissafi. Wanda zai ba da lissafi kuwa wakili ne, akwai mai dukiya a bisansa. Ikon fasto, na uba, na sarki, duk aro ne aka ba su, kuma wanda ya ba da aron bai sauka daga kursiyinsa ba. Saboda haka bin na gaba yana zama bin Allah muddin na gaban yana kan hanyar Allah. Ranar da ya ratse, wanda ya ci gaba da binsa mutum yake bi.

To, a ina ne biyayya ga mutum take tsayawa?

Inda ya umarce ka da abin da Allah ya hana, ko ya hana ka abin da Allah ya umarta. Fir'auna ya ce wa ungozomomi biyu, Shifra da Fuwa, su kashe duk ɗa namiji da matan Ibraniyawa suka haifa. Suka ƙi, domin suna tsoron Allah, Allah kuwa ya sa musu albarka (Fitowa 1). Abokan Daniyel uku sun ƙi rusuna wa gunkin zinariya na Nebukadnezzar, Daniyel kansa ya ci gaba da addu'a sau uku a rana bayan an kafa dokar hana ta.

Wanda ya fi shafar tambayarmu shi ne na Ayyukan Manzanni 5:29. Waɗanda suka hana Bitrus da sauran manzanni wa'azi ba arna ba ne. Majalisar addini ce, da babban firist a zaune a kanta, masu haikali da littattafai da gadon Haruna. A gabansu Bitrus ya ce wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Bai zage su ba, bai tara jama'a don tarzoma ba. Aka yi musu bulala, suka fita suna murna, kullum kuma suna koyarwa a haikali da gida gida.

Idan shugabana ne ya ɓatar da ni, ai alhakin yana wuyansa. Ni me ya shafe ni?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin da ita mutane da yawa suke kwantar da lamirinsu. Labarin da ke 1 Sarakuna 13 ya kamata ya hana mu barci a kanta.

Allah ya aiki wani bawansa daga Yahuza zuwa Betel ya yi annabci a kan bagadin da sarki Yerobowam ya gina. Ya ba shi umarni a sarari: kada ya ci abinci a can, kada ya sha ruwa, kada ya koma ta hanyar da ya zo. Mutumin ya isar da saƙo. Sarki ya miƙa hannu ya ce a kama shi, hannun ya shanye, bagadin ya tsage. Da hannun ya warke sarki ya gayyace shi fada da alkawarin kyauta, shi kuwa ya ce ko da rabin gidan sarki za a ba shi ba zai shiga ba. Ya kama hanya.

Sai wani tsohon annabi mazaunin Betel ya hau jaki ya bi shi, ya same shi zaune a gindin itace. Ya ce masa shi ma annabi ne kamarsa, kuma mala'ika ya faɗa masa ya komo da shi gida ya ci ya sha. Nassi ya ce ƙarya yake yi masa. Mutumin ya koma, ya ci, ya sha. A hanyar gida zaki ya kashe shi, aka iske gawarsa a yashe, jaki da zakin suna tsaye kusa da ita.

Mutumin da barazanar sarki ba ta girgiza shi ba, kyautar sarki ba ta ruɗe shi ba, furfura da kalmar "mala'ika" suka kayar da shi. Ya san abin da Allah ya faɗa masa, ya sake shi domin wani babba ya zo da sabon wahayi. Tsohon yana da nasa laifin, babu shakka, amma laifin tsohon bai wanke wanda aka aika ba. Yesu ma ya ce idan makaho ya ja makaho, dukansu biyu za su faɗa rami (Matiyu 15:14). Ramin ba ya tambayar wa ke gaba.

Ban ce nauyinsu ɗaya ba. Yakubu 3:1 ta ce masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani, kuma Allah yana jin tausayin raunana da aka cuta. Abin da nake cewa shi ne, "fasto ne ya ce" ba amsa ba ce da za ka tanada domin ranar lissafi.

Ta yaya ake gane annabin ƙarya?

Attaura ta ba da ma'auni biyu. Na farko yana Maimaitawar Shari'a 18:22: idan ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Ma'aunin yana da sauƙi, amma mu ne muke saurin mantuwa. A daren shiga sabuwar shekara ana zuba annabce-annabce, a kan zaɓe, a kan aure, a kan wanda zai mutu. Da Disamba ta zagayo wa yake ɗauko su ya ƙirga nawa suka cika? Wanda ya ce "in ji Ubangiji" ya kuskure, sa'an nan ya dawo ya ce addu'arku ce ta juya abin ko bangaskiyarku ce ta gaza, ba tare da ya taɓa cewa "na yi kuskure" ba, ya riga ya nuna muku kansa.

Na biyu yana sura 13, ya kuma fi na farko zurfi. Ko da alamar da ya faɗa ta cika, in yana jan ku zuwa bin wani abin da ba Ubangiji ba, kada ku saurare shi.

Sai kuma abin da Irmiya ya sha fama da shi, wato annabawan da ke faɗa wa mutane abin da kunnensu ke so. A shekara ta huɗu ta sarautar Zadakiya, annabi Hananiya ya tsaya a haikali ya ce cikin shekara 2 Allah zai karya ikon Babila, a dawo da kayan haikali da kamammu. Irmiya yana wurin da karkiyar itace a wuyansa. Abin da yake taɓa zuciyata shi ne amsarsa ta farko: ya ce Amin, Allah ya sa haka. Shi ma yana son salama, ba jin daɗin mugun labari yake ba. Amma ya ce mai annabcin salama sai maganarsa ta cika ake sanin Allah ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya a gaban jama'a, Irmiya ya tafi abinsa. A idon masu kallo ran nan Hananiya ne ya ci. Wannan a wata na 5 ne. A wata na 7 na shekarar Hananiya ya mutu, bautar Babila kuwa shekara 70 Allah ya yanka mata (Irmiya 28 da 29).

Yesu ya ƙara ma'auni na hali. Ya ce za su zo da fatar tumaki, a ciki kuwa kyarketai ne, kuma da 'ya'yansu za a san su (Matiyu 7:15-20). 'Ya'yan itace ba a ganinsu a kan mumbari. Ana ganinsu a yadda mutum yake da matarsa, da direbansa, da asusun ikkilisiya, da 'yan matan ƙungiyar mawaƙa, da kuma yadda fuskarsa take canjawa idan aka yi masa tambaya. Wannan yana ɗaukar lokaci, shi ya sa Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya yi gaggawar ɗora wa kowa hannu.

Amma mutumin nan yana warkarwa, kuma majami'arsa ba masaka tsinke. Wannan ba shaida ba ce?

Bokayen Masar ma sun mai da sandunansu macizai. Yesu ya ce a ranar ƙarshe da yawa za su ce sun yi annabci, sun fitar da aljanu, sun yi mu'ujizai da sunansa, shi kuwa zai ce bai taɓa saninsu ba (Matiyu 7:22-23). Na gaskata Allah yana warkarwa har yau. Warkarwar dai tana nuna jinƙan Allah ga mara lafiya, ba ta zama hatimi a kan duk abin da mai addu'ar zai koyar ba.

Game da yawan jama'a, a duba 1 Sarakuna 22. Annabawa wajen 400 suka gaya wa Ahab sarkin Isra'ila da baki ɗaya ya tafi yaƙi Ramot-gileyad zai yi nasara. Ɗayansu har ƙahonin ƙarfe ya ƙera don ya nuna yadda za a tunkuyi Suriyawa. Mikaiya ɗan Imla shi kaɗai ya ce ya ga Isra'ila a warwatse kamar tumakin da ba makiyayi. Aka mare shi, aka jefa shi kurkuku da ɗan abinci da ruwa. Ahab ya ɓad da kama ya shiga yaƙi, wani ya harba kibiya haka kawai ta same shi, da yamma ya mutu a cikin karusarsa.

Duk wanda ya yi tambaya sai a ce masa "kada ku taɓa shafaffena". Me ayar take nufi?

Ayar tana Zabura 105:15. Wanda ya karanta daga aya ta 9 zai ga ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi masu yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah kuma yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Garkuwa ce aka ba marasa ƙarfi daga masu iko. Abin baƙin ciki ne a ga mai iko ya ɗauke ta yana kare kansa da ita daga marasa ƙarfi.

Ana kuma kawo Dawuda, wanda ya ƙi kashe sarki Saul a kogon En-gedi domin shafaffe ne na Ubangiji, wato wanda aka shafa wa mai aka keɓe shi. Gaskiya ne. Amma a karanta 1 Sama'ila 24 har ƙarshe: Dawuda ya fito daga kogon, ya ɗaga ƙyallen rigar da ya yanke, ya faɗa wa Saul laifinsa a gaban sojojinsa. Ya hana hannunsa, bai rufe bakinsa ba. Da shi Dawuda ya yi zunubi a kan Batsheba da Uriya, Natan ya shiga fada ya ce masa kai ne mutumin. A Antakiya Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14), Bitrus kuwa daga baya ya kira shi ƙaunataccen ɗan'uwa a wasiƙarsa ta biyu. A Sabon Alkawari ma shafewar ta dukan masu bi ce (1 Yahaya 2:20).

Batun kuɗi fa? Ai ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Ya cancanta ƙwarai. 1 Korantiyawa 9:14 da 1 Timoti 5:17-18 sun faɗa a fili. Akwai masu bishara a ƙauyukanmu da suke noma da hannunsu domin abin da ikkilisiya take ba su ba ya kai su ƙarshen wata, kuma kunyar wannan tamu ce.

Ciyar da makiyayi daban, sayar da baiwar Allah daban. Na'aman kuturu ya zo neman warkarwa da azurfa da zinariya da riguna, annabi Elisha ya ƙi karɓar kome bayan warkarwar. Gehazi, baran Elisha, ya bi Na'aman a guje da ƙarya, ya karɓo talanti 2 na azurfa da riguna 2, ya gaji kuturtar. Siman na Samariya ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon ba da Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce ya hallaka tare da kuɗinsa. Saboda haka idan an sa wa addu'a farashi, ko kwalbar mai da ta ruwa suna da kuɗinsu, ko ganin "bawan Allah" yana da layin masu kuɗi da na talakawa, ba sai an nemi wahayi ba kafin a gane. Ezekiyel 34 ta yi kuka da makiyayan da suke cin kitse, suna sa ulu, ba sa ɗaure wadda ta karye. Yesu ya ambaci masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i. Tambaya mai sauƙi da kowane ɗan ikkilisiya yake da hakkin yi ita ce: wa yake ƙirga baiko, kuma wa ake karanta wa rahotonsa? Bulus da kansa ya tafi da wakilan ikkilisiyoyi lokacin kai gudummawa Urushalima, don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21).

An ce in daina shan magani in nuna bangaskiya. In bi?

Kada ka bi. Luka likita ne, Bulus yana kiransa ƙaunatacce. Ishaya ya sa a ɗora wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Yesu ya ce marasa lafiya ne suke bukatar likita, kuma da Shaiɗan ya ce masa ya yi tsalle daga kan haikali, har da jawo aya daga Zabura, ya amsa cewa ba a gwada Ubangiji.

Mun ga inda irin wannan biyayya take kaiwa. A shekarar 1978 mutane fiye da 900 suka mutu a Jonestown, ƙasar Guyana, a kan umarnin Jim Jones. A 2023 aka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, har suka haura 400, da yara a cikinsu, mabiya wata ƙungiya da aka koya musu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Waɗannan mutane ba wawaye ba ne. Masu neman Allah ne da aka raba su da danginsu sannu a hankali, aka saba musu da cewa muryar mutum ɗaya ita ce muryar Allah. Duk shugaban da ya fara ce maka mahaifiyarka mayya ce, 'yan'uwanka maƙiyan ci gabanka ne, sauran ikkilisiyoyi duk ɓatattu ne, yana sare igiyoyin da za a jawo ka da su ne in ka faɗa.

Iyaye da miji fa?

Ka'idar ɗaya ce. Girmamawa ba ta faɗuwa ko da an ƙi umarni. Safiratu ta goyi bayan ƙaryar mijinta, aka tambaye ta ita kaɗai, ta ɗauki hukuncinta ita kaɗai (Ayyukan Manzanni 5). Abigail kuwa ta saɓa wa wautar mijinta Nabal, ta ceci gidan duka. Ta wani gefen kuma, Yesu ya la'anci koyarwar da ke sa mutum ya hana iyayensa taimako da sunan ya keɓe kuɗin ga Allah (Markus 7:9-13).

Wannan ba zai sa kowa ya zama alƙalin kansa, ya raina shugabanni ba?

Haɗarin yana nan, kuma ba na ɗaukarsa da wasa. Kora ya tara manya 250 ya tayar wa Musa da kalmomi masu kama da ibada, cewa dukan jama'a tsarkaka ne, alhali kujera yake so (Littafin Ƙidaya 16). Akwai wanda fasto ya tsauta masa a kan zunubi na gaske, sai ya fita yana cewa ya gano annabin ƙarya. Akwai mai yawon ikkilisiya da ba ya zama inda za a san shi. Shi ya sa 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijon ikkilisiya sai da shaidu biyu ko uku. Aya ta 20 kuma ta ce wanda ya nace da zunubi a tsauta masa a gaban kowa. Ayoyin biyu tare suke tafiya.

Fasto mai rauni, ko mai wa'azin da ba ya burge ka, ko wanda kuka saɓa a kan tsarin sujada, ba shi ne malamin ƙarya ba. Afolos ya yi wa'azi da gibi a saninsa, Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka gyara masa, ya karɓa. Diyotarifis kuwa, a 3 Yahaya, mai son zama na fari ne, ba ya karɓar 'yan'uwa, yana korar waɗanda suka karɓe su. Yadda mutum yake karɓar gyara yakan nuna wanne ne a cikin biyun. Ka kuma binciki zuciyarka kai ma: Saul ya bar tumakin Amalekawa da rai ya ce hadaya zai yi, Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya, daga baya ya amsa cewa tsoron jama'a ne ya sa shi (1 Sama'ila 15).

Ni ban yi makarantar tauhidi ba. Wane ni in auna wa'azin rabaran?

Mutanen Biriya ma ba su yi ba. Manzo Bulus ne da kansa yake yi musu wa'azi, suna karɓa da marmari, suna kuma bincika Nassi kowace rana su ga ko haka ne. Luka bai kira su marasa kunya ba, ya ce sun fi na Tasalonika daraja (Ayyukan Manzanni 17:11). Bulus ya ce ko shi, ko mala'ika daga sama, in ya kawo wata bishara dabam, kada a karɓa.

Cikakken Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun 1932, yau kuma yana cikin waya, har da na saurare ga wanda bai iya karatu ba. Idan aka jawo aya, ka karanta abin da ke gabanta da bayanta. Yawancin murɗiya a nan take tonuwa.

Na gane inda nake ba daidai ba ne, amma ina tsoro. An ce wanda ya fita la'ana za ta bi shi.

Fara da abin da Matiyu 18:15-17 ta tsara, in zai yiwu: ka yi magana da shugaban, sa'an nan da shaidu, sa'an nan dattawa ko majalisar da ke bisansa. In babu kowa a bisansa, wannan ma amsa ce. In kuwa abin ya kai ga lalata da yara, ko fyaɗe, ko duka, ko tsare mutane, ba batun sulhun cikin gida ba ne. A kai ga hukuma, domin Romawa 13 ɗin da ake karanta mana ita ce ta ce an ba mahukunta takobi saboda masu mugunta. Eli firist ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi da hadayu da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa, ya yi musu faɗa da baki ya bar su a kan aiki, hukuncin ya haɗa da shi.

Game da la'ana, Karin Magana 26:2 ta ce la'anar da ba dalili ba ta sauka, kamar tsuntsu take mai shawagi. Balak ya yi hayar Bal'amu ya la'anci Isra'ila, albarka ce ta riƙa fita daga bakinsa. Kada ka fita kai kaɗai ka zauna a gida da ciwon. Nemi dattijo ko dattijuwa mai tsoron Allah ka faɗa musu kome, ka nemi ikkilisiyar da ake buɗe Littafi a karanta, inda shugaba ma yana da waɗanda suke tambayarsa. Zai ɗauki lokaci kafin ka sake yarda da wani a kan mumbari, kuma ba laifi ba ne.

A Yahaya 9 akwai mutumin da aka haifa makaho, Yesu ya buɗe masa ido. Shugabannin addini suka matsa masa ya ce wanda ya warkar da shi mai zunubi ne. Iyayensa suka ji tsoro suka ce a tambaye shi, ai babba ne. Ya ƙi musun abin da ya sani, suka kore shi daga majami'a. Aya ta 35 ta ce da Yesu ya ji sun kore shi, sai ya neme shi har ya same shi.